Aksada da Iktizali: Daga Baƙin Dutsen Moanda Zuwa Awon Ɗigo-Ɗigo

  

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan ɗan littafi na ƙarshen shekara, a bana mun zaɓi mu kawo darasi daga ilimin sinadarai. Larabawa suna kiran wannan fanni kimiya, kuma daga nan ne kalmar kimiyya da muke faɗa a Hausa ta samo asali. Babin da muka ɗauko shi ne wanda littattafan Larabci ke kira aksada da iktizali, a lise kuma za ku ji ana cewa oksidasiyon da rediksiyon. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu haɗa madarasa da lakwal suna kuka da wannan babi, wai haruffa da lambobi sun yi masa yawa. Alhali kuwa duk babin a kan magana ɗaya ya tsaya: ciniki ne, wani ya bayar wani ya karɓa, kuma abin da aka bayar daidai yake da abin da aka karɓa, ba ƙari ba ragi. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa kwanon rufinmu ke tsatsa, zai kuma gane yadda ake tantance ko ƙwayar ƙarin jini da aka saya wa mahaifiyarsa ta cika ko an tauye ta.

Fasali na ɗaya: ma'anar kalmomin biyu

Da farko masana sun ɗauki aksada a matsayin haɗuwar abu da iskar oksijin, wato ɓangaren iskar da muke shaƙa mu rayu, wadda wani masani Bafaranshe, Lavoisier, ya raɗa wa suna a 1777. Itace ya ci wuta, ya haɗu da oksijin. Ƙarfe ya yi tsatsa, shi ma ya haɗu da oksijin. Iktizali kuma kishiyar haka ce, wato a raba abu da oksijin ɗin da ke jikinsa. Maƙeran ƙasar Hausa sun daɗe suna wannan aiki tun kafin a sa masa suna. Su haƙo tama, su jera ta da gawayi a murhu, a yi ta zuga. Gawayin da iskar da yake fitarwa su janye oksijin daga tamar, sai ƙarfe ya rage. Da yake ƙarfen da ya fito bai kai nauyin tamar da aka zuba ba, sai aka kira aikin da sunan da ke nufin ragewa, kuma ma'anar iktizali ke nan a Larabci.

Daga baya ilimi ya faɗaɗa. A 1897 wani masani a Ingila, J. J. Thomson, ya gano elektoron. Kowane abu da muke gani an gina shi da ƙwayoyin zarra, kowace ƙwayar zarra tana da cibiya mai cajin ƙari, sannan elektoron masu cajin ragi suna kewaye da ita. Su waɗannan elektoron ne ke gudu a waya su kunna mana fitila. Ƙwayar zarrar da ta rasa elektoron ko ta ƙaru da su ana kiranta ayon. Da aka gane haka sai aka sake ma'anar kalmomin, kuma ita ce ake tambaya a jarrabawa:

Aksada ita ce rasa elektoron.
Iktizali shi ne samun elektoron.

Ga gwaji mai sauƙi da ke nuna haka. A samo gishirin jan ƙarfe, wanda ake rubutawa CuSO₄, a narkar da shi a ruwa, ruwan zai zama shuɗi. A jefa ƙusa sabuwa a ciki. Bayan ɗan lokaci za a ga ƙusar ta yi riga ja, ruwan kuma shuɗinsa ya dusashe yana komawa kore-kore. Me ya faru? Abu biyu ne a lokaci guda:

Fe → Fe²⁺ + 2e⁻
Cu²⁺ + 2e⁻ → Cu

Baƙin ƙarfe, wato Fe, ya ba da elektoron biyu ya narke cikin ruwa, shi ne ya yi aksada. Ayon na jan ƙarfe, wato Cu²⁺, ya karɓi elektoron biyun nan ya koma ƙarfe ya manne a jikin ƙusa, shi ne ya samu iktizali. Mu lura da kyau, biyu aka bayar, biyu aka karɓa. Elektoron ba ya fita ya yi ta yawo a ruwa shi kaɗai. Kamar dai a kasuwar Mont-Bouët ne, ba wanda zai ce ya sayar alhali ba wanda ya saya. Saboda haka ba a taɓa samun aksada ba tare da iktizali ba.

Akwai wurin da ɗalibai kan rikice, to mu warware shi tun yanzu. Mai karɓar elektoron shi ake kira mai aksadawa, don shi ne ya sa abokin cinikinsa ya rasa. Mai bayarwa kuma shi ake kira mai iktizalawa, don shi ne ya sa wancan ya samu. Sunan kowannensu yana nuna abin da ya yi wa ɗan'uwansa ne. A gwajin ƙusa, Cu²⁺ ne mai aksadawa, Fe ne mai iktizalawa.

Fasali na biyu: inda muke ganinsu kullum

Mu fara da tsatsa, tunda a Libreville ba gidan da bai san ta ba. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da oksijin sun haɗu a kansa. Ƙarfen ya ba da elektoron, oksijin ya karɓa, ruwa kuma shi ne hanyar da ayon ke bi. Idan akwai gishiri a ruwan sai hanyar ta ƙara buɗewa, aikin ya yi sauri. To mu ga mu a bakin teku, iska na ɗauke da gishiri, ruwan sama kuma a shekara yana kusan milimita 3000. Shi ya sa ƙofar ƙarfen da za ta shekara da shekaru lafiya lau a Agadas ko Katsina, a nan ba ta jimawa sai ta fara ja. Fenti da mai suna hana ruwa da iska taɓa ƙarfen. Kwanon rufi kuwa dabara ta daban aka yi masa, an shafe shi da tutiya. Tutiya ta fi baƙin ƙarfe saurin ba da elektoron, don haka ko an ƙarce kwanon, ita ce za ta riƙa cinyewa a madadinsa har sai ta ƙare. Irin wannan dabara ake yi wa jiragen ruwa, a ɗaura musu dunƙulen tutiya ko alminiyam a gindi, a riƙa sauyawa idan sun cinye.

Na biyu, goro. Idan aka ɓare goro aka gutsura aka ajiye sauran, kafin wani lokaci wurin da haƙori ya taɓa ya rine. Wasu sinadarai ne a cikin goron suka haɗu da oksijin suka yi aksada. Haka ayaba da yalo ke yi idan an yanka su. A ɗiga ruwan lemun tsami a wurin, za a ga rinewar ta yi jinkiri, saboda tsaminsa yana rage ƙarfin aikin, kuma bitamin C da ke cikinsa mai saurin ba da elektoron ne, yana tare wa goron faɗa.

Na uku, marina. Duk wanda ya taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ya ga abin mamaki. Shuni ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba zai shiga zare ba. Sai marina su haɗa baba da toka da ruwa a karofi, su bar shi kwanaki yana ruɓa. Ƙananan halittun da ke cikin ruwan su sa shunin ya samu elektoron, wato iktizali, sai ya zama mai narkewa, launinsa kuma ya koma kore mai ratsin rawaya. A tsoma zane ya sha. Da an ɗaga shi iska ta buge shi, oksijin ya ƙwace elektoron ɗin nan, shunin ya koma shuɗi, ya daina narkewa, ya maƙale cikin zare. Dalilin da ya sa marini ke tsomawa yana ɗagawa ke nan. Iktizali a cikin rami, aksada a sararin iska, kowane zagaye launi na ƙara kamawa.

Na huɗu, batirin tocila da na rediyo. Wani Bafaranshe mai suna Leclanché ne ya ƙirƙiro asalinsa a 1866. A cikinsa tutiya ce ke ba da elektoron, wani baƙin gari kuma yana karɓa. Hikimar ita ce an raba su, ba a bar su sun yi ciniki hannu da hannu ba, dole elektoron su bi ta waya su ratsa ƙwan fitila kafin su isa. Wannan baƙin gari sunansa MnO₂, kuma shi ne zai kai mu Moanda.

Fasali na uku: manganis da lambar aksada

Mn alama ce ta wani ƙarfe mai suna manganis. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Gahn, shi ya fara ware shi a 1774, ta hanyar gasa MnO₂ da gawayi, kusan yadda maƙera ke yi wa tama. Allah ya albarkaci Gabon da wannan ma'adini, har ta zama ta biyu a duniya wajen haƙo shi, bayan Afirka ta Kudu. Ana haƙo shi a Moanda, cikin lardin Haut-Ogooué. An kafa kamfanin Comilog a 1953, aka fara fitar da ma'adinin a 1962. A wancan lokaci babu layin dogo a Gabon, sai a loda shi a bokitai masu tafiya a kan igiyar ƙarfe, tsawon kilomita 76, zuwa Mbinda a Kwango, daga nan jirgin ƙasa ya kai shi Pointe-Noire. Bayan layin dogo na Transgabonais ya isa Franceville a 1986, sai hanya ta juyo gida. Dogayen taragun da muke gani suna shigowa Owendo cike da baƙin dutse, shi ne wannan, ya yi tafiyar sama da kilomita 600. Mafi yawansa masana'antun ƙarfe na ƙasashen waje ke saye, don manganis yana ƙara wa ƙarfe ƙwari yana kuma tsarkake shi.

Shi kansa dutsen aikin aksada ne. Duwatsun yankin Franceville sun haura shekara biliyan 2. Manganis ɗin da ke cikinsu ya daɗe yana shan ruwan sama da iska a saman tuddai irin su Bangombé, oksijin yana ta karɓe masa elektoron sannu a hankali, har ya taru ya zama baƙin ma'adinin da ake kwasa yau.

Don a san yawan elektoron da abu ya bayar ko ya karɓa, masana sun sa wa kowace ƙwayar zarra lamba, ana kiranta lambar aksada. Ƙa'idojin da muke buƙata kaɗan ne. Abu in yana shi kaɗai bai haɗu da kowa ba, lambarsa 0. Oksijin a mafi yawan haɗi −2 ne. Haidirojin +1, fotasiyam shi ma +1. Idan aka tara lambobin duk ƙwayoyin da ke cikin haɗi, dole su ba da 0, in kuwa ayon ne su ba da cajinsa. Lamba ta hau, an yi aksada. Lamba ta sauka, an yi iktizali.

Mu gwada da MnO₂. Oksijin biyu ne, jimlarsu −4, ke nan manganis +4 ne. Yanzu mu ɗauko wani haɗin, KMnO₄. Fotasiyam +1, oksijin huɗu −8, don jimla ta zama 0 dole manganis ya zama +7. Wannan KMnO₄ ba baƙo ba ne a gidajenmu. Shi ne farmanganat, 'yan ƙwayoyin nan ko garin da ake saya a farmasi, a jefa a ruwa ya rine kamar zoɓo mai kauri, a wanke ganyen salak ko ciwon fata da shi. Daga baƙin dutse irin na Moanda ake yin sa. A gasa MnO₂ da sinadarin KOH a cikin iska, ya hau +6 ya zama kore, sannan a bi shi da lantarki ya hau +7 ya zama shunayya.

Kun ga manganis kamar hawainiya yake, kowace lamba da launinta. A +7 shunayya ne, a +6 kore, a +4 baƙi ko ruwan ƙasa, a +2 kuwa launinsa ya dusashe har ido ba ya kama shi a ruwa. A +7 yunwar elektoron gare shi ƙwarai, duk abin da ya samu sai ya ƙwace masa. Da haka yake kashe ƙwayoyin cuta. Wannan yunwa da wannan sauyin launi su suka sa ya zama abin awo.

Fasali na huɗu: awon ɗigo-ɗigo

Larabawa suna kiran wannan aiki mu'ayara, a lise ana cewa dozaj ko titraj, mu kuma mun kira shi awon ɗigo-ɗigo don haka ake yin sa. Manufarsa ita ce a gano yawan wani abu da ke narke a ruwa, wanda ido ba ya gani kuma sikeli ba zai iya ware shi ba. Dabarar ita ce a samo abokin cinikinsa wanda aka san ƙarfinsa, a riƙa ɗiga shi har cinikin ya ƙare. In mun san nawa mai saye ya kashe, mun kuma san farashi, ai mun san yawan kayan. Wani masani Bafaranshe, Margueritte, shi ya fara auna baƙin ƙarfe da farmanganat a 1846, har yau kuma hanyarsa ake koyarwa.

Ga farashin. A cikin ruwa mai asid:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5e⁻ → Mn²⁺ + 4H₂O
Fe²⁺ → Fe³⁺ + e⁻

Manganis ya sauko daga +7 zuwa +2, yana buƙatar elektoron 5. Kowane Fe²⁺ kuwa ɗaya tak yake bayarwa. To tunda bayarwa da karɓa dole su yi daidai, sai a ninka layi na biyu sau 5, a haɗa:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5Fe²⁺ → Mn²⁺ + 5Fe³⁺ + 4H₂O

Farmanganat 1 yana cin baƙin ƙarfe 5. Wannan shi ne farashin, ba a tayawa.

Saura mudu. Ba mai ƙirga ƙwayar gero ɗaya-ɗaya a kasuwa, da mudu ake awo. Mudun masu ilimin sinadarai sunansa mol, kuma kowane mol yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02 × 10²³. Mol ɗaya na baƙin ƙarfe nauyinsa giram 55.8. A lise da waƙafi ake rubuta irin waɗannan lambobi, 55,8, mu a nan mun sa ɗigo, duk abu ɗaya ne.

Kayan aikin su ne buret, wato dogon bututun gilashi mai zanen awo da ɗan famfo a ƙasa, da fifet, wato bututun da ake ɗebo ruwa daidai gwargwado da shi, da kwalba mai faffaɗan gindi da siririn wuya, da farar takarda da za a shimfiɗa a ƙarƙashinta don launi ya fito.

Mu ɗauki abin da ya shafi gidajenmu. Mata masu juna biyu ana ba su ƙwayar ƙarin jini a asibiti, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar su riƙa samun miligiram 30 zuwa 60 na baƙin ƙarfe a kullum. Wata irin ƙwayar da aka saba gani an rubuta a kwalinta cewa kowace ɗaya tana da miligiram 65. Yaya za a tabbatar?

A daka ƙwaya 5, a narkar da su a ruwan asid na sulfurik mai rauni, a tace, a cika da tataccen ruwa zuwa mililita 100 daidai. A ɗebi mililita 20 da fifet a zuba a kwalba, wannan daidai yake da ƙwaya ɗaya. A ƙara masa asid. A ɗauraye buret da ɗan farmanganat, sannan a cika shi da farmanganat mai ƙarfin mol 0.020 a kowace lita, a rubuta inda ya tsaya. Sai a buɗe famfo da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kaɗa kwalba. Da farko duk ɗigon da ya faɗa launinsa ɓacewa yake nan take, don baƙin ƙarfe na nan da yawa yana ba shi elektoron. Can sai a ga launin ya fara jinkirin ɓacewa. A nan ake rage famfo, a koma ɗigo ɗaya-ɗaya, sannu ba ta hana zuwa. Akwai ɗigon da zai faɗa bai tarar da mai ba shi ba, sai ruwan duka ya yi ruwan hoda mai haske, ya tsaya haka kamar daƙiƙa 30. A rufe famfo, ciniki ya ƙare. A karanta buret ido na daidai da saman ruwan.

Ba a yarda da awo ɗaya. Na farko na leƙen hanya ne, a sake har sai an samu biyu da bambancinsu bai wuce mililita 0.1 ba.

Akwai abubuwan da ke ɓata wannan awo. In asid ya yi kaɗan, manganis ba zai sauka +2 ba, zai tsaya a +4, sai a ga ruwan ya yi dauɗa ruwan ƙasa, ya koma dutsen Moanda ke nan, lissafi kuma ya rushe. Ba a sa asid na HCl, don farmanganat zai ƙwace elektoron daga gare shi ma, a kashe fiye da ƙima. Ba a sa asid na nitirik, don shi kansa mai aksadawa ne, zai riga farmanganat cin ƙarfen. In ƙwayar tana haɗe da bitamin C, shi ma zai shiga cinikin, awo ya haura gaskiya. Ruwan ƙwayar kuma ba a barinsa ya kwana, don iska za ta fara mayar da Fe²⁺ zuwa Fe³⁺ kafin a zo.

Fasali na biyar: lissafi

A ce a misalinmu buret ya nuna an kashe mililita 11.6, wato lita 0.0116.

Yawan farmanganat: 0.020 × 0.0116 = mol 0.000232.
Yawan baƙin ƙarfe: 0.000232 × 5 = mol 0.00116.
Nauyinsa: 0.00116 × 55.8 = giram 0.0647, wato miligiram 64.7.

Kwali ya ce 65, awo ya ce 64.7, ƙwaya ta cika. Amma a ce ruwan ya yi ruwan hoda tun a mililita 6.0, lissafi zai ba da miligiram 33.5 kacal, kusan rabi. Mai shan irin wannan za ta yi wata da watanni tana zaton tana magani, jiri da kasala ba su bar ta ba. Ido ba zai bambanta ƙwayoyin biyu ba, harshe ma haka, amma ɗigo ya bambanta su. Da irin wannan awo da waɗanda suka fi shi zurfi hukumomin kula da magunguna ke kama jabu. Shi ma ma'adinin da ake lodawa a Owendo, kuɗinsa ya danganta da yawan manganis ɗin da ke cikinsa, kuma awon ɗigo-ɗigo da farmanganat yana cikin hanyoyin da ake tantance shi.

Gargaɗi

Wannan gwaji na ɗakin gwaji ne, a gaban malami, da tabarau na kariya. In za a sirka asid, shi ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa cikin asid. A gida kuma, iyayenmu mata, farmanganat ba a shan sa, a ɓoye shi daga yara don ƙwayarsa na kama da ta magani. In za a yi wanki da shi a sirka har ya zama ruwan hoda mai haske, mai kauri yana ƙona fata. Ruwan jabel shi ma mai aksadawa ne mai ƙarfi, da haka yake cire tabo. Kada a kuskura a haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid ko ruwan kal, don iskar kulorin za ta tashi, ita kuwa guba ce ga huhu.

Tambayoyin bita

1. An jefa tutiya a ruwan CuSO₄, ta yi riga ja. Wa ya bayar, wa ya karɓa?
2. Mece ce lambar aksadar baƙin ƙarfe a Fe₂O₃?
3. Me ya sa zane ke fitowa daga karofi kore, sannan ya koma shuɗi?
4. Ruwa mai Fe²⁺ ya ci mililita 15.0 na farmanganat mai ƙarfin mol 0.020 a lita. Miligiram nawa ne na baƙin ƙarfe a ciki? Wanda ya samu 83.7 ya bi hanya daidai.

Kammalawa

'Yan'uwa, wannan ilimi ba baƙonmu ba ne. Littattafan da ake dangantawa ga Jabir ɗan Hayyan sun yi dogon bayani a kan abin da suka kira ilimin mizani, Abubakar Arrazi kuma ya karkasa sinadarai ya bayyana kayan gwaji fiye da shekara 1000 da suka wuce. A Alƙur'ani mai girma sura ta 57 sunan baƙin ƙarfe aka sa mata, sura ta 83 kuma da gargaɗin masu tauye mudu ta buɗe. A biranen Musulmi na da, har da daular Sakkwato, akwai muhtasibi mai kula da mudu da sikeli a kasuwa. Kayan kasuwar yau sun haɗa da magani da ruwan sha da ma'adini, su kuwa mudunsu buret ne, dole a samu masu tsoron Allah da suka iya riƙe shi. A Franceville akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Masuku, a Moanda akwai makarantar koyon haƙar ma'adinai da sarrafa ƙarafa. Wanda ya iya rabon gado da sudusi da sumuni a darasin fara'il, ninka 5 da 55.8 ba zai gagare shi ba. Muna roƙon iyayenmu su ƙarfafa wa duk mai sha'awar wannan hanya gwiwa, mace ko namiji.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu cika mudu a duk abin da aka ba mu amana. Amin.